Jiragen ruwa uku na takarda da na saya a Zango

Kwali na je saya ranar, ba jirgi ba. Mu badukai muna sa kwali tsakanin fata da fata in za mu ɗinka gafaka ko alabe, don abin ya tsaya da ƙarfinsa kada ya langaɓe. Akwai wani shagon kayan lekol a unguwar Zango ta Damagaram da na fi shekara 10 ina saye a wurinsa, nakan ratsa in zan tafi kasuwar Dole. A farkon hunturun bana na shiga na tarar mai shagon ya ture kaye da bik gefe, yara huɗu sun kewaye shi, yana riƙe da wani kati shuɗi mai kama da na gayyatar biki. Ya buɗe shi a tafin hannu, sai ga jirgin ruwa ya miƙe tsaye cak, da dirkoki uku da filafilai farare kamar iska na cikinsu. Ya rufe, jirgin ya kwanta ya ɓace. Yaran suka ce ya ƙara. Ni ma na ce ya ƙara.

"Alhaji, wannan fa daga ina?"

"Cikin kayan Kano ya zo, Malam. Iri biyu ne. Ga wanda aka gama haɗawa, jaka 2. Ga kuma na haɗa-da-kanka, jirgi uku a leda ɗaya, jaka 7 da rabi. Shi kam tun da ya zo ba wanda ya taya."

Na karɓi haɗaɗɗen na juya shi, na buɗe shi rabi na leƙa ƙarƙashi. Wanda ya yi shekara 40 yana yanka da ɗinki ba zai ga abu irin wannan ya wuce bai nemi inda asirinsa yake ba. Ba waya, ba roba, ba ƙarfe. Takarda ce zalla, da tsaga, da ninki. Na nemi ragi, ya bar mini na haɗa-da-kanka a jaka 7, wato sefa 7,000. Kuɗi ne, don a hannuna kuɗin alabe uku ne masu kyau, amma na riga na san ba zan iya barinsa ba.

A cikin ledar akwai falle 9 na takarda mai kauri, kowane jirgi falle uku, an riga an yanke guntayen da na'urar leza, sai ɗan siririn wuri da aka bari nan da can yana riƙe da su a jikin fallen. Akwai bango uku shuɗɗa masu ninki a tsakiya, su ne tekun da jirgi zai zauna a kai. Sai ƴar kwalbar gam, da farin zare ɗan kaɗan, da takardar bayani. Jiragen kuwa, ɗaya na Larabawa ne mai filafili kusurwa uku, ɗaya Santa Maria na Kolumbus, ɗaya kuma wani dogo na Ingila da ake kira Cutty Sark.

Yanka na fara dubawa, domin nan ake gane mai aiki. Ban sami abin kushewa ba. Bakin kowane guntu ya ɗan yi ja kamar an gifta shi a wuta, har da ɗan ƙauri in ka kai hanci, amma ba zazzago ko ɗaya. Tsagar da aka yi daidai take da kaurin takardar, guntu ya shiga ɗan'uwansa ba da dole ba kuma ba ya lilo. An rubuta a jikin ledar cewa takardar jirgin gram 180 ce, ta bango 250. Don a kwatanta, farar takardar da ake buga hoton takardu da ita gram 80 ce. Wannan kauri shi ya dace: in ta fi haka kati ba zai rufu ba, in ta gaza dirka ba za ta ɗauki kanta ba.

Ga yadda abin yake aiki, kuma wanda ya gane wannan ya gama rabin aikin. Jirgin a kan ninkin tsakiyar bango yake zaune, a miƙe tare da ninkin. Gefensa na dama yana da kunne da ake mannawa a shafin dama, na hagu a shafin hagu. Tsakanin gefunan akwai guntayen da suka gitta, ni haƙarƙari nake ce musu, kowanne da ninki a tsakiyarsa. Ta tsaga suke shiga juna: wannan an tsaga shi daga sama zuwa rabi, wancan daga ƙasa zuwa rabi, sai su rungumi juna ba da gam ba. In ka buɗe bango, shafukan biyu su ja kunnuwan, gefuna su rabu, haƙarƙari su miƙe, dirka ta tashi. Hannunka shi ne iskar. Sharaɗin guda ne, nisan kunnen dama daga ninki ya zo daidai da na hagu. In ɗaya ya ɗara ɗaya ko da kaurin farce ne, jirgin a karkace zai tashi, in an zo rufewa kuma ya murɗe ya yi wa kansa sabon ninki inda ba a so.

Jikana, ɗan ƴata ta fari, shekararsa 13 yana kwaleji, shi ya zama abokin aikina, shi ne kuma mai bincike a waya. Ya gano mana cewa mutumin da ya yaɗa irin wannan kati wani malamin zanen gine-gine ne a Tokyo, Masahiro Chatani, a farkon shekarun 1980, kuma da katin gaisuwa ya fara. Na ji daɗin sanin cewa magini ne. Aikin ya nuna.

Yaron ya so mu fara da dogon na Ingila, don shi ya fi kyau a hoto. Na ce a'a, Aboki, na Larabawa za mu fara. Ya ɗauka don ya fi sauƙi ne, guntu 17 kacal. Haka ne, amma ba shi ne dalilina ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, da ƙafa ya je Makka. Ya bar Damagaram yana saurayi tun kafin ƴancin kai na 1960, da burgaminsa na kayan dukanci a kafaɗa, ya bi hanyar da mutanenmu suka saba bi: Barno, Fort Lami wadda ake kira Njamena yanzu, Abeshe, Fashir, har Jazira ta ƙasar Sudan inda ya tsaya cirar auduga ya tara guzuri. Shekara shida ya yi kafin ya dawo. A duk labarin tafiyar, wanda muka fi roƙonsa ya maimaita shi ne na ƙetare Bahar Maliya. Masu hali jirgin hayaƙi suke shiga. Irinsu Baba kuwa, da dare suka tashi daga wajen Sawakin a cikin jirgin katako da Larabawa ke kira sambuk, kimanin kilomita 300 na ruwa tsakaninsu da Jidda. Yakan ce filafilin ƙyalle ɗaya ne ƙato, duk faci, an ɗaure shi a wata doguwar sanda da ke rataye a karkace, tsawonta ya kusa na jirgin kansa. In za a juya hanya sai matuƙan su taru su kewayo da sandar nan gaba ɗaya ta ɗaya gefen dirka, suna waƙa. Iska ta ɗauke musu kwana biyu, suka tsaya cik, ana raba ruwan sha da gwangwani. Salkar shugaban jirgin ta ɓule, Baba ya ciro basilla ya ɗinke ta, daga nan aka riƙa ƙara masa rabin gwangwani, shi kuma yana miƙa wa wata tsohuwa mutuniyar Katsina da ke kusa da shi.

In ya zo nan sai ya share ƙasa da tafin hannu ya zana mana jirgin da yatsa: goshi mai tsini ya miƙa gaba, ƙeya ta ɗaga, dirka ta ɗan sunkuya, sai layi ɗaya dogo a karkace. Mu kuwa yara ne a tsakar gida a Birni, garin da ake sammakon neman ruwa, ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na kududdufin damina. Sai mu yi ta kallon zanen har kaji su bi ta kai. Na girma na je Yamai na ga kwale-kwale a kogi, na ga masunta a tafkin Gidimuni, amma jirgi mai filafili ban taɓa sa shi a ido ba.

Bayan la'asar muka zauna da yaron a zaure, a kan allon da nake yanka. Kada a ɓalle guntu da hannu, wurin da ya riƙe zai yage ya bar gemu. Da bakin reza ake taɓa shi sai ya faɗo da kansa. Duk inda aka ɗiga layin ninki, na ɗora rula na bi shi da bayan basilla, a hankali, don takarda ta san inda za ta karya. Haka muke yi wa fata kafin mu kalmasa bakin alabe. Muka jera haƙarƙari biyar, yaron na kiran lamba ina sakawa. Na uku ya ƙi shiga, na ga yana neman dannawa, na riƙe hannunsa. Abin da aka yanka daidai ba ya buƙatar ƙarfi. In ya ƙi, to juye yake. Muka juya shi ya zauna. Kafin magariba gangar jirgin ta haɗu, tana buɗewa tana rufewa a hannu kamar zugazugin maƙeri.

Manna shi a bango shi ne wurin da takardar bayani ta yi kuskure, kuma ina so duk mai saye ya ji wannan da kyau. Hoton ya nuna a shimfiɗa bango a buɗe, a shafa gam a kunnuwa biyu, a dasa jirgi. In ka bi haka, a buɗe zai yi kyau, amma rufewa sai an yi sa'a. Abin da ya dace, a manna kunne ɗaya tak a kan alamarsa, a bari ya kama. Sannan a kwantar da jirgin a ninke kamar yadda zai kwana, a shafa gam a ɗaya kunnen da ke kallon sama, a rufo bango a kansa a danne. Kunnen da kansa zai nemi mazauninsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, nan kam sai mutum biyu, ɗaya na riƙe da jirgi ɗaya na rufowa. Muka ɗora masa dutsen guga muka tafi masallaci.

Bayan isha na kai shi ɗakin yayata, wadda ta girme ni da shekara tara, idonta ya fara rauni. Ban ce mata komai ba. Na matso da fitila na buɗe katin a kan cinyarta. Goshin ya miƙa, dirkar ta tashi da ɗan sunkuyonta, doguwar sandar ta ja filafilin ya baje. Ta kai yatsa ta bi layin nan na karkace tun daga ƙasa har sama, kamar yadda ake binsa a ƙasar tsakar gida.

"Wannan ai jirgin Baba ne."

"Shi ne, Yaya."

Ta ce in rufe in sake buɗewa. Sau huɗu. Sannan ta yi masa addu'a, ta ce a bar mata shi ya kwana a ɗakinta. Har yau yana can, a cikin gafakar da take ajiye Alƙur'aninta, a aljihun baya.

Saboda wannan daren kaɗai ba zan ce na yi asarar jaka 7 ba. Amma mai saye ba labarin gidanmu zai saya ba, don haka ga aibin kayan.

Gam ɗin da aka sako ya bushe ƙamas tun a kwalba, ko tsinke ba ya shiga. Ban yi mamaki ba, abin da ya sha hanya da zafin mota har ya iso nan. Na fara gwada ƙaro, irin wanda ake sa wa tawada, na jiƙa shi ya yi kauri. Yana kamawa sosai, sai dai in ya bushe ƙarfinsa irin na gilashi ne. A guntun da na gwada, kafin buɗewa 20 ya fara tsagewa a wurin ninki. Gam ɗin takalmi da muke aiki da shi yana ɓata takarda da rawaya, kuma da ya taɓa ya kama, ba gyara. Mai kama nan take ɗin nan na ƴar ƙaramar roba shi ya fi duka muni, yana shiga cikin takarda ya mai da ita kamar ɓawon ƙwai. Wanda ya yi shi ne farin gam na kafintoci. Na sefa 200 ya ishi jiragen uku har ya yi saura. Da tsinken tsintsiya ake ɗiba, a shafa siriri har ya kusa ɓacewa, domin in ya yi yawa ruwansa zai kumbura bango ya yi tudu da kwari, kuma ba ya komawa.

Takardar bayani kuma da Ingilishi take da wani rubutu na mutanen gabas, ba Faransanci ko kalma ɗaya, balle Hausa. Hotuna da lambobi sun wadatar, amma an buga su ƙanana ƙwarai, sai da yaron ya ɗauke su a waya muka faɗaɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabon labari. Jirgin Ingila an ba shi rabin shafi, na Larabawa layi biyu. Alhali jiragen nan sun yi ɗaruruwan shekaru suna zirga-zirga tsakanin Oman da Indiya da Zanzibar, na dā ma ba ƙusa a jikinsu, da igiyar ɓawon kwakwa ake ɗinke katakon, ɗinki sosai irin namu. Har yanzu ana sassaƙa su a garin Sur na Oman. Mushen su yaron na labarin ƙasa ne ya cike mana giɓin da ya fi burge ni: daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar tekun can daga arewa maso gabas take busowa, ta kai su gaɓar Afirka, sannan ta juyo daga kudu maso yamma ta mai da su gida. Na ce wa yaron ai mun san wannan. Hunturunmu daga ina yake zuwa, iskar da ke kawo mana damina kuma daga ina? Ya yi shiru, sannan ya nuna da hannu, nan da can.

Santa Maria ba zan daɗe a kansa ba. Guntu 34, gajere mai tumbi, ya haɗu lafiya cikin yamma biyu kuma yana rufuwa sumul. Shi ne babba cikin jirage uku da Kolumbus ya tashi da su daga Sifen a watan Agusta na 1492, kuma jirgin bai dawo ba, ya dāre a gaɓar ƙasar da ake kira Haiti yanzu a ƙarshen Disamba na shekarar, aka yi ginin tsaro da katakonsa. Ba a gaji zanensa na ainihi ba, duk siffar da ake yi masa kintace ce. Abu biyu zan faɗa wa mai saye. Filafilansa na ɗauke da jan gicciye babba, a buge, wanda bai so sai ya juya fuskar takardar ciki, bayanta fari ne kuma tsagar tana shiga ta kowane gefe. Na biyu, da muna haɗa shi na gaya wa yaron cewa hanyar da wannan jirgi ya buɗe, ita jirage masu filafilai suka bi daga baya da baƙaƙen mutane sama da miliyan 12 a ɗaure. Takardar bayani ba ta faɗa ba, ni kuwa ban ga yadda zan miƙa masa jirgin ban faɗa ba.

A kan wannan jirgi ne na gwada halin mai shagon. Fallen na biyu ya zo da guntu mai lamba 14 har biyu, babu 15. Na koma da shi ina tsammanin za a ce kaya sun riga sun fita. Ya duba, ya ce, "Malam, wannan ba laifinka ba ne," ya farke sabuwar leda a gabana ya ciro mini fallen, ya san kuwa ledar nan ta tashi daga kayan sayarwa. Allah ya saka masa. Abin da zan ce ya gyara, ya daina rataye su a bakin ƙofa. Rana ta ci shuɗin na waje har ya koma toka-toka. In za ku saya ku ce a ɗauko na cikin kwali.

Sai dogon. Cutty Sark jirgi ne da ya cancanci rabin shafin da aka ba shi, ban hana ba. An ƙera shi a Dumbarton ta ƙasar Sikotilan a 1869 don tseren kawo ganyen shayi daga Sin zuwa Landan, a shekarar da aka buɗe mashigin Suwez, wanda ya ba jiragen hayaƙi gajeriyar hanya ya kashe wa irinsa kasuwa. Shayin ma bai yi shekara 10 yana ɗauka ba ya koma jigilar gashin tumaki daga Ostareliya, a nan ya yi suna, har ya taɓa zuwa Landan daga Sidni cikin kwana 73. Tsawonsa kusan mita 65, filafilansa kimanin murabba'in mita 3,000, igiyoyinsa in an ƙulla su sun kusa kilomita 18, wato daga nan zuwa Miriya. Tun 1954 yake ajiye a unguwar Girinic ta Landan, gobara ta taɓa shi a 2007, aka gyara aka sake buɗe shi ga masu kallo a 2012. Mu da ba ma wuni ba mu ɗora shayi ba, ya kamata mu san shi.

Na takardar dai bai kai sunan ba. Guntu 61, kuma wanda ya tsara shi ya biye wa kyau ya manta da ƙarfi. Dirkokin siraran gaske ne, faɗinsu bai wuce milimita 2 ba a sama, sannan an shimfiɗa su a fallen ta inda bai kamata ba. Takarda tana da hanya kamar yadda fata take da ita. Kowane baduku ya san fata ba ta miƙewa ta tsawon gadon baya kamar yadda take miƙewa ta wajen ciki, shi ya sa ba a yanka maɗauri yadda aka ga dama. In ka lanƙwasa falle a hankali ta nan, ka lanƙwasa ta can, za ka ji ɗaya ya fi taurin kai. Abu dogo siriri dole ya bi tsawon hanyar takarda. Waɗannan an gitta su, don a cusa guntaye da yawa a falle ɗaya. A ƙasa mai laima wataƙila su jure. A hunturun Damagaram, da leɓen mutum ma ke tsagewa, dirkar tsakiya ta karye a hannun yaron tun kafin ta shiga mazauninta, ya ɗago ido cike da hawaye.

"Kaka, na ɓata."

"Ba kai ba ne, Aboki. Mai yankan ne."

Na yanko siririn kwali ta hanyar da ta dace na yi mata ɗori ta baya. Sauran fallayen na jingina su kusa da randa suka kwana, ba su taɓa ruwa ba, sanyin wurin kawai suka sha, muka koma yin aikin da sassafe kafin iska ta tashi. Hakan ya taimaka ƙwarai. Kwana tara ya ɗauke mu. Da ya tashi tsaye kam, ba ƙarya, ya yi kyau, filafilai hawa-hawa kamar shanyar gidan biki. Sai dai zaren da aka bayar na igiyoyi yana sarƙewa a dirka in an rufe, dole ka buɗe a hankali kana warwarewa da tsinke. Kuma a rufe, kan dirkar tsakiya yana leƙowa waje da bango da kusan milimita 3. Wannan lissafi ne da ba a yi ba: in kati ya rufu, tsayin jirgi yana haɗuwa da nisan kunne daga ninki, jimlar kuwa ba ta kamata ta wuce faɗin shafi ba. Na auna, na sake aunawa, ba daga wurinmu ba ne. Duk wanda ya sa shi a ambulan zai tarar kan ya lanƙwashe. Namu a buɗe yake zaune cikin kabad, wato ya zama abin ado, ya daina zama kati.

To wa zan ce ya saya? Mai neman abin da zai ba wani kyauta gobe, ya ɗauki haɗaɗɗen na jaka 2, ya isa. Amma shi kallo ne na minti biyar, yaro ya buɗe ya rufe ya gaji. Na haɗawar shi ke shiga hannu. Jikana da bai taɓa zama minti 10 a kan allona ba, yanzu ya san bayan basilla, ya san hanyar takarda, ya san a auna kafin a shafa gam, abubuwan da na yi shekara biyu ina neman hanyar koya masa ta fata yana zillewa. Malaman lekol da ke koyar da awo da kusurwa, leda ɗaya za ta yi musu aikin da alli ba ya yi. Yaron da bai kai shekara 10 ba kada a bar shi da reza shi kaɗai. A tanadi farin gam, da rula ta ƙarfe, da sabuwar reza, a fara da na Larabawa, a bi da Santa Maria, dogon kuma a bar shi sai damina in iska ta yi laushi. A ganina jaka 5 ne kuɗinsa na gaskiya, tun da gam ɗin matacce ne kuma jirgi ɗaya cikin uku yana da aibi a tsarinsa. Na faɗa wa mai shagon haka, na kuma roƙe shi in zai sake saro su ya tambaya ko ana samun na Larabawan shi kaɗai.

Fallayen da muka ɓalle guntayen jirgin Larabawa daga ciki ban yar ba. Ramukan da suka bari su ne ma'auni, kamar yadda muke ajiye ma'aunin takalmi. Mun ɗora su a kan kwalin shayi da na sukari mun zana, muna yanka da reza. Na farko ya ƙi rufuwa, tsagarmu ta yi faɗi. Na biyu ya rufu amma ya karkace. Na uku yaron ya tafi da shi kwaleji ranar Litinin, ya dawo da sunayen ƴan ajinsu bakwai da ke son zuwa zaure ranar Asabar. Na huɗu yana kan allo yanzu, na yaya ne ta ce a yi wa ƴarta da ke aure a Matamaye. Na fefe farar fatar akuya har ta yi kamar takarda zan gwada ta a filafili, in yi mata faci biyu da zare, yadda Baba ya ce nasu yake.